Zauren Iyali: Kwamfuta Ta Rikice, Ina Za A Koma?

 Wasiƙar da muka ɗauka a watan nan ta fito ne daga wani malamin makarantar firamare a ƙasar Rabah, gabas da Sakkwato. Ya roƙe mu kada mu buga sunansa, mun kuwa yarda, gama abin da ya same shi ya sami gidaje da yawa.

Ga labarinsa a taƙaice. Ya tara kuɗi ya sayi kwamfutar cinya ta hannu a Sakkwato, domin 'yarsa ta saba da ita kafin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 da kwamfuta ake rubuta ta. Da tafiya ta yi tafiya, sai kwamfutar ta zama ta gida duka. Malam ya zuba makin ɗalibansa a ciki. Uwargida kuma, wadda take saro albasa da tafarnuwa daga Wurno, ta sa yarinyar tana rubuta mata lissafi, wa ya biya, wa ake bi. Ran nan ƙanen Malam ya zo da filash, ya sa wata manhajar kallon fim. Kashegari kwamfuta ta fara nauyi, in an kunna ta sai ta daɗe tana juyi, daga baya ma ta ƙi buɗewa. Aka kai wa mai gyara. Mai gyara ya ce ƙaramin aiki ne, zai mai da ita yadda take a makon jiya. Da ya duba, sai ya ce babu wurin komawa. Ya goge kome da kome, ya sa sabuwar Windows. Kwamfuta ta warke, amma makin wata shida da littafin bashin uwargida sun tafi. Malam ya ce har yau akwai waɗanda uwargida ta san tana bin su, amma ba ta iya faɗin ko nawa ne, gidan kuma bai rasa ƙananan maganganu a kan wanda ya jawo abin.

Tambayoyinsa uku ne. Me ya sa ba a sami wurin komawa ba? Da an samu, da takardunsa sun tsira? Sa'an nan wace manhajar tsaro zai saya domin kada haka ta sake faruwa? To, Malam, ga abin da muka sani.

Mene ne zangon komawa?

A allon kwamfuta sunan wannan dabara System Restore. Mu a nan za mu kira kowane wurin da ake komawa zango, gama aikinsa ya yi kama da na zangon fatake. Ayarin da ya ɓata hanya ba ya komawa gida tun daga fari, zangon da ya kwana jiya yake nema, daga nan ya sake ɗaukar hanya. Kamfanin Microsoft ya fara sa wannan dabara cikin Windows Me a shekarar 2000, sa'an nan cikin Windows XP a 2001, tana nan kuma cikin Windows 10 da Windows 11.

In an kafa zango, Windows takan adana kayan aikinta yadda suke a wannan sa'a. Cikinsu akwai fayilolin da take tafiya da su, da rajistarta, wato babban littafin da take rubuta saitin kome a ciki, da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa firinta da sifika da allo su yi aiki, da kuma manhajojin da aka sa mata. In wani abu ya lalace daga baya, sai a ce mata ta koma zangon ran kaza. Manhajar da aka sa bayan wannan rana za ta fita, saitin da aka sauya zai koma yadda yake dā.

Amma ku lura da wannan, gama shi ne tushen maganarmu duka. Komawa zango ba ta taɓa takardunku, ko hotunanku, ko waƙoƙinku. Wasiƙar da kuka rubuta jiya tana nan ko da kun koma zangon watan jiya. Wannan alheri ne. Amma takardar da aka goge ma ba za ta dawo ta wannan hanya ba, haka kuma in faifan ajiya na cikin kwamfutar ya mutu, zangunan duka sun mutu tare da shi, gama a kansa suke zaune.

Saboda haka amsar tambaya ta biyu ita ce, i, da akwai zango, da wataƙila kwamfutar ta tashi ba tare da an goge kome ba, takardun Malam kuma da suna nan. Amma abin da ya cinye su shi ne gogewar da aka yi. Ko kwamfuta ta ƙi buɗewa, sau da yawa ana iya kwashe takardun da ke ciki kafin a sa sabuwar Windows, ko ta hanyar tashe ta da filash na musamman, ko ta cire faifan a jona shi da wata kwamfuta. Duk wanda ya kai kwamfutarsa gyara ya faɗa da bakinsa, “Kada a goge kome sai an kwashe mini takarduna,” ya kuma tsaya ya ga an yi.

Me ya sa ba a sami zango ba?

Dalilan da muka fi gani su ne waɗannan.

Na ɗaya, ba a taɓa kunna abin ba. Kwamfutoci da yawa masu Windows 10 da 11 suna zuwa da wannan kariya a kashe. Mai gida yana zaton tana kafa zanguna da kanta, alhali ba ta taɓa kafa ko ɗaya ba. Muna kyautata zaton abin da ya sami Malam ke nan.

Na biyu, wurin da aka ba zangunan ya yi kaɗan. Windows takan ware musu wani yanki na faifai, in ya cika sai ta zubar da mafi tsufa domin sabo ya sami wuri. Kwamfutar da aka cika da fina-finai har ba ta da wurin numfashi ba ta riƙe zango.

Na uku, zango yana da wa'adi. A zamanin Windows XP kwana 90 ne. A sabuwar Windows 11, wadda ake kira 24H2, tun daga sabuntawar watan Yuni 2025 kwana 60 ne iyaka. Kada wani ya kafa zango da rani ya sa rai zai same shi da kaka.

Na huɗu, an share su ba da sani ba. Wanda ya kashe kariyar, ko na minti ɗaya ne, ya goge zangunan duka. Wanda ya ɗaga Windows daga wani ƙarni zuwa wani, shi ma tsofaffin zangunansa sun tafi. Manhajojin nan da ake cewa suna wanke kwamfuta su sa ta gudu, wasunsu da zanguna suke fara wanki.

Na biyar, akwai mugayen ƙwayoyin cutar kwamfuta, musamman masu kulle takardun mutum su nemi kuɗin fansa, waɗanda da shigarsu sukan goge zanguna domin su toshe hanyar komawa.

Yadda ake kafa shi

Aikin bai kai dafa shayi daɗewa ba. A wurin nema da ke ƙasan allo, ku rubuta Create a restore point, ku buɗe. Ku zaɓi faifan da ke da harafin C, ku latsa Configure, ku zaɓi Turn on system protection. A ƙasa akwai ma'aunin wuri, ku ja shi zuwa kashi 5 ko 10 cikin 100, ku amince. Sa'an nan ku latsa Create, ku ba zangon suna da za ku gane, misali “kafin sa firinta”. Daga yau Windows za ta riƙa kafa wasu da kanta kafin manyan sauye-sauye, amma kada ku dogara gare ta kaɗai. Ku mai da shi dokar gida, kowa zai sa sabuwar manhaja, babba ne ko yaro, sai ya kafa zango tukuna.

Ranar da ake bukatar komawa, ku buɗe wannan wuri ku latsa System Restore, ku zaɓi zangon da ya riga ranar da matsala ta fara. Akwai maɓalli mai suna Scan for affected programs, wanda zai nuna muku manhajojin da za su fita, ku duba shi kafin ku ci gaba. Abu ɗaya muke gargaɗi a kai, mu da muka san halin wutar lantarki a garuruwanmu: kada a fara wannan aiki sai batir ya cika, caja kuma tana jone da wuta, ko ta janareto ko ta sola. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar komawa, kwamfutar tana iya lalacewa fiye da dā. In ta daɗe, ku yi haƙuri, kada ku kashe ta.

In komawar ta ƙi fa?

Wani lokaci kwamfuta takan tashi ta ce komawar ba ta kammala ba. Kada hankali ya tashi, yawanci takan bar kome yadda yake. Ku bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Da fari ku gwada wani zango da ya fi tsufa, gama zango ɗaya yana iya lalacewa sauran suna lafiya. In ya ƙi, ku tuna cewa manhajar kashe ƙwayar cuta takan hana a taɓa wasu fayiloli, sau da yawa kuwa ita ce ke jawo saƙon kuskure mai lamba 0x80070005. Ku cire kwamfutar daga intanet, ku dakatar da manhajar na ɗan lokaci, ku sake gwadawa, da an gama ku kunna ta. In har yanzu ya ƙi, ku danne maɓallin Shift ku latsa Restart. Wani shuɗin allo zai fito, ku bi Troubleshoot, sa'an nan Advanced options, sa'an nan System Restore. Daga nan komawa ta fi sauƙi, gama yawancin manhajoji ba su tashi ba tukuna balle su tare hanya. Kwamfutar da ta ƙi buɗewa sam, irin ta Malam, takan kai kanta wannan shuɗin allo in ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere. A wasu sababbin kwamfutoci za a tambaye ku lambar buɗe faifai ta BitLocker, mai alƙaluma 48, wadda yawanci tana ajiye cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar. Ku nemo ta tun yau ku rubuta a takarda, ku ajiye tare da takardun gida.

In zanguna duka sun ƙi, kwamfutar kuma tana yawan sandarewa ko tana wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa, ku yi zaton faifan ne ke ciwo. Ku daina gwaje-gwaje, ku kwashe takardunku nan da nan.

Ganuwa

Yanzu sai tambaya ta uku. Manhajojin tsaro iri biyu ne, mutane kuwa sukan rikita su. Ta fari ita ce wadda masu gyara ke kira fayawol, mu kuma za mu ce ganuwa. Mutanen ƙasar Malam ba sa bukatar dogon bayani, gama Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, gari ne da aka kafa domin tsaro, aka kewaye shi da ganuwa. Amfanin ganuwa shi ne baƙo ba ya shigowa ta inda ya ga dama, sai ta ƙofa, a ƙofar kuma akwai mai tambaya. Kwamfutar da ke kan intanet tana da ƙofofi dubbai. Ganuwarta tana barin amsar abin da kuka aika nema ta shigo, tana kuma mai da wanda ya ƙwanƙwasa ba a kira shi ba.

An koyi wannan darasi da wahala. A watan Agusta 2003 wata tsutsar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya. Ba ta bukatar mutum ya buɗe kome, kwamfuta ta hau intanet kawai ba ganuwa, sai ta shige, kwamfutar ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Bayan wannan ne, a 2004, Microsoft ya sa ganuwar Windows XP ta riƙa zuwa a kunne, haka kuma abin yake a kowace Windows da ta biyo baya.

Saboda haka, Malam, ba sai ka sayi ganuwa ba, kana da ita. Ka buɗe Windows Security, ka shiga Firewall and network protection, ka tabbata an rubuta tana kunne. In ka jona kwamfutar da intanet na shagon buga takardu, ko na makaranta, ko na otal, ka sa ta a matsayin Public, gama a nan ganuwar takan rufe ƙofofi fiye da yadda take yi a gida. In wata manhaja ta nemi a buɗe mata ƙofa, kai kuwa ba ka san ta ba, ka hana. Akwai ganuwoyin wasu kamfanoni, kamar ZoneAlarm da Comodo, waɗanda ke tsare masu fita kamar yadda suke tsare masu shiga. Suna da amfani ga gwanaye, amma suna yawan tambaya, gidan da yara ke latsa “na yarda” ba karatu kuwa bai ƙaru da kome ba. Kada kuma a kunna ganuwa biyu tare.

Sai dai ganuwa ba ta binciken kayan da mai gida ya ɗauko da hannunsa. Abin da ƙanen Malam ya kawo a filash bai biyo ta intanet ba, ta cikin gida ya shigo. Wannan aikin mai gadi na ciki ne.

Mai gadi na ciki

Ita ce manhajar kashe ƙwayar cuta, wadda ake kira antibairos. Tana duba kowane fayil da aka buɗe ko aka sauko da shi, tana gwada shi da jerin mugayen da ta sani, tana kuma lura da manhajar da take yin abin da bai kamata ba. Tun daga Windows 8, a shekarar 2012, kowace Windows tana zuwa da irin wannan mai gadi, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender, ba a biyan ko kwabo. Akwai ɗakunan gwaji masu zaman kansu, kamar AV-TEST a Jamus da AV-Comparatives a Ostiriya, waɗanda aikinsu ke nan su gwada waɗannan manhajoji su buga sakamako, Defender kuwa ya sha samun maki mai kyau a wurinsu. Ga gida irin na Malam ya isa.

Wanda yake so ya saya, akwai sanannu kamar Bitdefender, ESET, Norton da Kaspersky. Amma ya san kuɗin shekara-shekara ne, ranar da ya ƙare kariyar ta raunana. Ya kuma duba sakamakon ɗakunan gwajin nan na shekarar da yake ciki, ya sauko da manhajar daga shafin kamfanin kansa. Na kyauta ma akwai, sai dai wani lokaci kyautar tana da ƙugiya. A watan Fabrairu 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5, bisa zargin ya sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa suke ziyarta.

Ga dokoki huɗu da suka fi sunan kamfani muhimmanci.

Na ɗaya, mai gadi ɗaya tak. In an sa biyu, kowane yakan ɗauki ɗan'uwansa ɓarawo, kwamfuta ta yi nauyi, komawa zango ma ta ƙi. In kun sa wani, Defender yakan janye da kansa. Kwamfutocin hannu sukan zo da tsohuwar manhajar gwaji da wa'adinta ya ƙare tuni. Ku cire ta, ku tabbata Defender ya koma bakin aiki.

Na biyu, ku guji manhajar sata. Duk manhajar da aka ce sai an kashe mai gadi kafin a sa ta, ta riga ta faɗa muku halinta. Antibairos ɗin da aka fasa aka ba ku a filash ya fi rashinsa haɗari.

Na uku, in kuna cikin intanet wani shafi ya yi tsalle yana ƙara, yana cewa kwamfutarku ta kamu da cuta, ku latsa nan ko ku kira lamba kaza, ƙarya ce. Ku rufe shafin, kada ku kira, kada ku biya.

Na huɗu, sabuntawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran 12 ga Mayu 2017 ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya. Ga shi kuwa Microsoft ya riga ya fitar da abin toshe wannan tsaga tun watan Maris na shekarar, waɗanda suka sa shi sun tsira. Ku sani kuma Microsoft ya daina lura da Windows XP a 2014, da Windows 7 a Janairu 2020, da Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Mai sayen kwamfutar hannu ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11 kafin ya biya.

Kada kuma a ɗauka mai gadi ba ya kuskure. Ran 19 ga Yuli 2024 wata sabuntawa mai aibi daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta tsai da kwamfutoci wajen miliyan 8.5, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. Shi ya sa hanyar komawa take da muhimmanci ko ga mai tsaro mafi tsada.

Abin da ya shafi ƙasarmu

Waɗanda suka ƙera waɗannan manhajoji suna zaton kowa yana da intanet dare da rana. Mutanen gabashin Sakkwato sun san ba haka ba ne. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, saboda matsalar 'yan bindiga. Ko a lokacin lafiya ma, data tsada gare ta, mutane da yawa kuwa sukan hana sabuntawa domin kada ta cinye musu ita. Amma mai gadin da bai karɓi sabon jerin mugaye ba wata uku, ɓarayin bara kaɗai ya sani. Ku ware masa data ko sau ɗaya a mako. In babu layi sam, Microsoft yana da shafi inda ake sauko da sabon jerin Defender a fayil guda. Wanda ya shiga Sakkwato ya sauko da shi a filash mai tsabta, a kawo gida a buɗe.

Filash kuwa shi ne babbar hanyar cuta a wajenmu, gama shi ke yawo daga gida zuwa shagon buga takardu, zuwa makaranta, ya dawo. Wadda ta fi damun mutane ita ce mai ɓoye jakunkunan da ke cikin filash, ta ajiye wasu na bogi masu 'yar kibiya a madadinsu. Wanda ya latsa na bogin ya buɗe wa cutar ƙofa. Kada ku latsa, kada kuma ku goge filash ɗin, gama takardunku suna nan, ɓoye su kawai aka yi. Ku sa mai gadi ya bincike shi tukuna. Sa'an nan wanda ya iya ya buɗe Command Prompt ya rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* yana sa harafin filash ɗin a madadin E, jakunkunan za su bayyana. Dokar gida ta biyu ke nan, duk filash ɗin da ya kwana waje sai an bincike shi kafin a buɗe.

In kun tabbata cuta ta shiga kwamfutar kanta, kada ku dogara ga komawa zango ta fitar da ita, gama tana iya kasancewa cikin zangon ma. Cikin Windows Security akwai bincike mai suna Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake tashin kwamfutar ya bincike ta kafin cutar ta farka. In an gama, ku goge tsofaffin zanguna ku kafa sabo.

Iri ba ya kwana wuri ɗaya

Manomin albasa na fadamar Wurno ko Goronyo ba ya zuba irinsa duka cikin rumbun da ake ɗiba kullum, gama ya san gobara da ɓera da ruwa. Haka ya kamata a yi da takardu. Zafin watan Afrilu a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu tana toshe fankar kwamfuta, ga faɗuwa, ga sata, ga wutar da kan zo da ƙarfi. Ba ganuwa, ba mai gadi, ba zangon da zai mai da takardar da ke kan faifan da ya ƙone.

Saboda haka ku sayi filash biyu, ko faifan waje guda, waɗanda ba sa zuwa shagon kowa. Kowace Asabar a kwafe takardun gida a kai, a cire, a ajiye a akwati. Kada a bar shi jone da kwamfuta, gama cutar da ke kulle takardu takan kulle duk abin da ta tarar a jone. Ƙananan takardu masu daraja, irin su makin ɗalibai da lissafin bashi, ku aika wa kanku ta imel, ko ku sa su a Google Drive ko OneDrive, waɗanda ke ba da wuri kaɗan kyauta. Sau ɗaya a wata ku buɗe kwafin ku gani ko yana karantuwa. Lissafin kuɗi kuma a buga shi a takarda, ko a riƙa rubuta shi a littafi kamar dā. Biro bai tsufa ba.

To, Malam, kuɗin da ka ware domin sayen manhajar tsaro, muna ba ka shawara ka sayi filash biyu da data da su. Ka kunna kariyar zango yau, ka duba ganuwa, ka bar Defender ya yi aikinsa. Game da ƙanenka kuma, a yi masa afuwa, gama bai san abin da ke cikin filash ɗin ba, kamar yadda kai ma ba ka san kariyar tana kashe ba. Ka zaunar da shi da yarinyar ku kafa zangon fari tare, ka ɗora wa ɗayansu aikin kwafin Asabar. Uwargida kuwa ta bi abokan cinikinta a hankali ta tambaye su, mai gaskiya zai faɗi abin da ake binsa.

Masu karatu da ke da tambaya irin wannan su rubuto mana kamar yadda aka saba. Sai mun sadu a wata mai zuwa, ku huta lafiya.